Yadda Ƙungiyar Sufuri Ke Tsara Layi, Lokaci da Kuɗin Mota a Jihar Maraɗi

Mutumin da ya taso daga wani ƙauye a bayan Dakoro zai je Damagaram na iya shiga abin hawa huɗu kafin ya isa: kabu-kabu zuwa bakin hanya, motar kasuwa zuwa Dakoro, Hiace zuwa Maraɗi, sannan bas ko wata Hiace ɗin mai yin gabas. Kowane da mai shi, kowane da farashinsa, kuma babu wanda ya san lokacin tashin ɗan'uwansa. Wannan giɓin ne haɗaɗɗiyar ƙungiyar sufuri ta jiha ke cikewa. Ba ta da mota ko ɗaya. Abu uku ne a hannunta: wa zai yi lodi, yaushe zai tashi, nawa zai karɓa. Na farko da na uku a ɗaure suke da juna. Ranar da layi ya lalace, direban da ya gaji da jira zai fita bakin titi ya karya farashi. Ranar da farashi ya kasa biyan kuɗin tafiya, kowa zai nemi tsallake layi don ya ƙara sawu.

Rajista tukuna

A fara da sanin su waye ke aiki. Kowane layi da shafinsa: layin gabas na Caduwa, Agye, Gazawa da Tasawa, da reshen Mayahi da ke rabuwa a Caduwa, layin yamma na Tsibiri da Gidan Rumji har Madawa da Ƙonni, layin arewa na Dakoro, layin kudu na Madarumfa, da na Ɗan Isa zuwa iyaka. A rubuta lambar mota, irinta, yawan kujerun da ke cikin takardarta, sunan mai ita da na direba, da ranar ƙarewar inshora da ta takardar duba lafiyar mota. Motar da takardarta ta ƙare ba ta shiga layi. Wasu na ganin wannan tsanani ne, amma idan jandarma suka tsare ta a shinge, fasinjan da ƙungiya ta loda mata ne ke zama a rana.

A teburin shawara a samu wakilin masu motoci da na direbobi daban, don buƙatunsu ba ɗaya ba ne, sai sarkin kowace tasha, wakilin ƴan kamasho, da mutumin ma'aikatar magajin gari mai karɓar harajin tasha. Manyan kamfanonin bas irin su Rimbo da STM suna da tashoshinsu da jadawalinsu, ba sa bin layin kowa. Duk da haka a gayyace su, a karɓi lokutan isowarsu, domin fasinjan da suka sauke shi ne cinikin ƙananan layuka.

Littafin layi

Littafi ne mai bango mai ƙarfi, an sa wa shafukansa lamba tun kafin a fara amfani da shi don kada a yage ɗaya. Ana rubutu da biro, ba a gogewa; idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai, a sa hannu a gefe. Kowace mota tana da sahu guda: lambarta, lokacin da ta shigo tasha, lokacin fara lodi, lokacin tashi, yawan fasinja, ɗan kamashon da ya yi lodin, da kuɗin da ta biya. Jerin motoci 10 na farko a kwafe shi da alli a allo, inda kowane direba zai gani daga inda yake zaune.

Ana kiran layi bayan sallar asuba. Motocin da suka kwana ba su yi lodi ba su ne a gaba, bisa jerin jiya. Wanda aka kira sau uku, babu shi babu motarsa, ya koma ƙarshe. Yaron mota ba ya amsa wa maigidansa kira idan motar ba ta cikin tasha, domin ta nan ne ake riƙe layi biyu a lokaci guda. Motar da ta lalace tana cikin layi a riƙe mata gurbinta kwana ɗaya, bayan nan ta bi baya.

Mota ɗaya ce ke lodi a layi guda. Idan aka buɗe ƙofa biyu, fasinja 18 da za su cika mota ɗaya su tashi sai su rabu 9 da 9, kowa ya zauna. Amma ƙaramar mota mai cin mutum 7 da Hiace ba sa haɗa layi, saboda saurin cikarsu da farashinsu sun bambanta. Kowace da nata sahun.

Shata ma tana buƙatar doka, musamman lokacin bukukuwa da ta'aziyya. A buɗe mata jeri daban, ko a ba motar da ke ta biyu a layi, don kada mai lodi ya zubar da fasinjan da ke ciki ya bi kuɗin shata. Wanda ya ɗauki shata ya ci layinsa na ranar.

Abubuwan da ke kashe layi sanannu ne. Akwai sayar da lamba, inda mai gaba ke karɓar kuɗi ya bar na baya ya wuce. Akwai motocin shafaffu da mai, na shugabanni da ƴan uwansu, da kullum ake samar musu uzuri. Akwai kuma zaunar da fasinjan ƙarya don a ɗauka mota ta kusa cika. Wannan na ƙarshe ya fi cutar da tasha, domin Hajiyar da aka yaudara sau ɗaya, gobe a bakin titi za ta tsaya. Maganinsa tikiti mai lamba: duk wanda ya ce "Malam, saura mutum nawa?" a nuna masa kan tikitin. Haƙƙin ɗan kamasho kuma a yanke shi a fili. A tashoshi da yawa kuɗin kujera ɗaya ne a kowane lodi. Idan ba a yanke ba, zai nemi nasa a jikin fasinja, ta hanyar ƙarin kuɗin kaya.

Lissafin kuɗin mota

Gardamar farashi ba ta ƙarewa idan kowa da bakinsa yake magana. A sa takarda a tsakiya. Ga misali da layin Maraɗi zuwa Tasawa, kusan kilomita 120, wato 240 zuwa da dawowa, da Hiace mai fetur mai ɗaukar mutum 18. Banda farashin mai, sauran alƙaluman na gwaji ne. Kowane layi ya sa nasa daga rasit ɗin membobinsa na wata 3.

Mota mai shan lita 13 a kilomita 100 za ta sha kimanin lita 31. A kan sefa 499 lita, farashin da aka yanke a Yuli 2024, kuɗin mai ya kama 15,500. Lalacewar mota, wato taya, birki, juyen baƙin mai, kaloci da abin da gareji ke ci, a ƙiyasta 50 a kowace kilomita: 12,000. Direba da yaron mota da abincinsu, 8,000. Kuɗin tasha biyu, kamasho da peyaji, 6,000. Inshora, haraji da sauran takardun shekara, idan aka raba su da kwanakin da motar ke aiki da gaske, 1,500. Sai rabon mai mota, wanda daga cikinsa zai tara kuɗin sauya inji ko motar kanta, 15,000. Jimla 58,000.

A wajen rabawa ne ake yawan kuskure. Wanda ya raba 58,000 da kujera 36 zai samu kusan 1,600, ya ce direbobi na zalunci. Sai dai mota ba ta cika sawu biyu kullum. Idan littafin layi ya nuna ana tafiya da 18, a dawo da 12 a matsakaici, to da 30 za a raba, ya ba da 1,933, a mayar da shi jaka 2. Shi ya sa sahun "yawan fasinja" a littafi ba ado ba ne. In babu shi, ƙungiya ba ta da hujjar da za ta nuna wa hukuma ko fasinja.

Lissafin ya kuma nuna cewa mai kashi ɗaya cikin huɗu ne da ɗoriya na kuɗin tafiya, ba rabi ba. Gwamnati ce ke yanke farashin famfo. A watan Agusta 2022 gazuwal ya tashi daga 538 zuwa 668. Motar gazuwal da ke shan lita 26 a wannan tafiyar ta samu ƙarin 3,380, wato kusan 113 a kan kowane fasinja. Ƙarin 250 ya wadatar har da rara. Mai neman ƙarin jaka guda ba shi da gaskiya. A watan Yuli 2024 aka sauke fetur daga 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. A misalinmu ragin fetur ɗin kusan 42 ne kawai a kan mutum ɗaya. Muna ganin wajibi ne ƙungiya ta yi wannan lissafin a bainar jama'a ta fuska biyun, ranar hawa da ranar sauka. Idan ragin bai kai a taɓa farashi ba, a faɗi haka da alƙaluma, a rubuta shi a ajiye, a cire shi daga ƙarin da zai zo gaba.

Da farashin gidan mai ake lissafi, ba na ƴan bumburutu ba. Shekara da shekaru motocin yankin nan sun dogara da man Najeriya mai rahusa, har aka janye tallafinsa a watan Mayu 2023. Farashin da aka gina kan man kwalba rushewa yake yi dare ɗaya.

A yanke lokacin sake duba farashi: kowane wata 6, ko duk ranar da mai ya motsa da kashi 10 cikin 100. Kada a manna sabon farashi sai an zauna da hukumar sufuri ta jiha, da ma'aikatar magajin gari, da masu kare haƙƙin masu saye. Sannan a sanar kwana 7 kafin ya fara aiki, a gidajen rediyon gari da allon kowace tasha, a rana ɗaya a ƙarshen layi biyun.

Ƴan hanya, kaya da canji

Mai sauka a tsakiya ba a raba masa kuɗi daidai da kilomita, domin kujerar da ya bari ba lallai a samu mai hawa ba. Agye tana wajen kashi biyu cikin uku na hanyar Tasawa. Rabon kai tsaye zai ba da kusan 1,350, amma 1,500 ya fi dacewa. Caduwa 750. A rubuta kowane zango a allo, har da na tsakanin zango da zango, kamar Agye zuwa Gazawa, don a nan ne yaron mota ke yanka yadda ya ga dama.

Farashin dogon layi ya ƙare da 250, 500 ko jaka cif; na gajere da 50. Abin da ya saɓa wa haka rigimar canji ce kawai. A allo a rubuta da sefa, a ƙara da yadda ake faɗa a baki, tunda dattijon da ya zo daga ƙauye da dala yake lissafi: 500 ita ce dala 100.

Kaya sun fi kujera jawo faɗa, musamman da kaka, lokacin da gero, wake, gyaɗa da aya ke fitowa, da kuma gab da Layya, lokacin raguna. Jakar hannu da ƙunshi ɗaya kyauta ne. Buhu mai kilo 50 da mai kilo 100, akuya, rago, babur, keken ɗinki, kowane da farashinsa a rubuce, da rasit ɗinsa daban. Buhu mai kilo 100 ya fi mutum nauyi, don haka a ƙayyade yawan buhunan da za su hau rufin Hiace. Lodin sama da ya wuce kima shi ke fasa taya da zafin Afrilu, shi ke kifar da mota a kwana. Yaron da aka ɗora a cinya ba ya biya. Wanda ya zauna a kujera ya biya cikakke.

Tashar can

Tsarin Maraɗi ba ya tsayawa idan Tasawa ko Dakoro ba su yarda da shi ba. Babbar matsalar ita ce lodin dawowa. Kowace tasha na fifita ƴan gida, baƙuwar mota ta wuni ba ta samu layi ba, ta juyo wayam, ko ta kwashi fasinja a bayan tasha da rabin kuɗi. A rubuta yarjejeniya: ta gida ɗaya, baƙuwa ɗaya, ko biyu da ɗaya idan motocin wani ɓangare sun fi yawa. Sakatarorin tasha biyun su riƙa aiko wa juna hoton shafin littafi ta WhatsApp kowace yamma, a haɗu ido da ido sau ɗaya a wata a gwada alƙaluma.

Layin Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina yana da nasa hali. A can ƙungiyar direbobin Najeriya, NURTW, ce ke riƙe da tashoshi, da ita za a daidaita layi. A tsayar da farashi da sefa, a tambayi ƴan canji kowace safiya, a rubuta kwatankwacinsa da naira a allo da kwanan wata. Direban da aka bari ya yi wa kansa canji, ko shi ya faɗi ko fasinja ya faɗi. Iyakar nan kuma ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru, motocin layin kan kwararo cikin sauran layuka. Gara a amince tun ana zaman lafiya: a rarraba su, kowane layi ya ba baƙuwa lodi ɗaya cikin huɗu har a buɗe.

Lokaci

"Sai ta cika" ita ce dokar tasha, kuma tana da dalilinta, domin ita ke kare direba daga asara. Amma malamin makaranta, mai zuwa asibiti, da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo suna buƙatar lokaci tsayayye. Ana iya haɗa biyun. A zaɓi sawu biyu a rana a kowane babban layi, ɗaya da ƙarfe 6:30 na safe, ɗaya bayan azahar, su tashi a kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba. Kujerun da suka rage, har zuwa 4, ƙungiya ta biya. Kujera 4 a jaka 2 ta kama 8,000. Idan motoci 20 ke lodi a layin a rana, 400 ne a kan kowace don sawu ɗaya. A fara da na safe kaɗai, a gwada wata 3. Yawanci da mutane suka tabbatar motar na tashi, sai ta riƙa cika da kanta, kuɗin cikon ya ragu. Abin da ke kashe tsarin shi ne jinkirin minti 20 don jiran wani babba. Sau biyu aka yi haka, an koma gidan jiya.

A daidaita sawun nan da isowar basukan Yamai, tafiyar fiye da kilomita 650 da ba ta rasa jinkiri. Sakataren tasha ya kira ofishin kamfanin ya ji inda bas take kafin ya saki motar ƙarshe ta Madarumfa ko Mayahi. A layukan da ke kusa da iyaka, inda ake fama da ƴan bindiga, a sa lokacin motar ƙarshe yadda za ta isa kafin magariba, kuma babu mai ikon ɗaga shi.

Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, lodi na shigowa da safe ya fita da yamma. A tura ƙarin motoci su kwana a ƙarshen layi tun daren jajibiri. Da damina, hanyoyin da ba su da kwalta kan ninka lokacin tafiya da kuɗin gyara, don haka a ba su farashin damina mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Haka ma Sallah da lokacin tafiyar ƴan ci-rani, inda mota ke tafiya cike ta dawo da mutum 4: 58,000 a raba da 22 ya haura 2,600. Ƙarin 500 na kwana 5 da aka sanar tun da wuri ya fi a bar kowa ya ninka kuɗi a bakin ƙofa.

Tikiti ɗaya na layi biyu, kamar Dakoro zuwa Tasawa ta Maraɗi, abu ne mai yiwuwa. A buga shi gida uku: na tashar farko, na direban farko, na direba na biyu. Sharaɗinsa ɗaya: a biya direba na biyu kuɗinsa a hannu daga akwatin tashar Maraɗi kafin ya tashi, tasoshin su daidaita tsakaninsu da yamma. In aka ce ya jira ƙarshen mako, zai riƙa barin mai tikitin a ƙasa ya ɗauki mai tsabar kuɗi.

Kuɗin ƙungiya da horo

Duk abin da aka karɓa a ba da rasit mai lamba. A raba shi gida uku tun a ranar: harajin magajin gari, kuɗin tafiyar da tasha, da asusun taimako na haɗari, rashin lafiya da cikon kujeru. Kuɗin ya kwana a banki, ba a fitar da shi sai da hannun mutum biyu, a karanta shiga da fita a gaban membobi kowane wata.

Horon da ya fi aiki shi ne na layi, ba na kuɗi ba, domin tarar kuɗi na iya ƙarewa a aljihu, kuma mai hali ba ya jin ta. Laifin farko, kamar lodi a wajen tasha ko ƙarin kuɗi, a mayar da mota ƙarshen layi. Na biyu, kwana 3 babu lodi. Na uku, a kira mai motar. Wanda bai yarda ba ya kai ƙara gaban mutum uku da ba sa cikin waɗanda suka yanke hukuncin, a saurare shi cikin kwana 2.

Idan mota ta lalace a hanya, direba ya kira tashar da ta fi kusa, a tura motar da ke gaba a layi, a raba kuɗin bisa nisan da kowa ya yi: wadda ta tsaya a Agye ta riƙe kashi biyu, mai ƙarasawa Tasawa ta karɓi ɗaya, asusu ya cika mata kuɗin man zuwa. Fasinja ba ya ƙara ko dala. Direban da ya sayar da fasinjansa ga wata mota a hanya alhali motarsa lafiya lau, don kawai ya juya ya kama wani lodi, laifinsa a mataki na biyu yake farawa, kuma lambar wayar da fasinja zai kira ya kai ƙara a buga ta a bayan kowane tikiti.